Daga huhun goro zuwa buhu mai riɓi uku: tarihin leda a ajiyar abinci

1. Gabatarwa

A bakin mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa kalmar leda ɗaya ce, amma abubuwan da take nufi suna da yawa. Leda ce mai tumatir yake ƙulla wa mai saye kaya a ciki, leda ce ake ɗura wa ruwan sanyi a tasha, leda ce kuma take cikin buhun da manomi yake ajiye wakensa tun daga kaka har faɗuwar damina. Haɗa su da aka yi a suna guda shi ne ya sa muhawara a kan leda takan rikice. Masu kare ta suna cewa tana hana abinci lalacewa, masu sukar ta kuma suna nuna kwalbatocin da suka toshe da bisashen da suke mutuwa da ita a ciki. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi tarihin wannan abu tun daga ɗakunan gwaji na Turai har zuwa rumbunan kudancin Nijar, domin mu nuna cewa ledar da take tsare abinci da ledar da ake ɗaukar abinci a ciki zuriya biyu ce daban. Ta farko aikinta shi ne tare iska da laima, kuma wannan aiki ne da magabata suka sani tun kafin a haƙo man fetur. Za mu fi tsayawa a kan wake, domin a nan ne shaida ta fi ƙarfi, kuma a nan ne masu bincike na ƙasar nan suka sa hannu.

2. Kafin zuwan leda

Abubuwan da suke ɓata abinci a ajiya ba su da yawa: ƙwari, da ɓeraye, da ƙananan halittun da ido ba ya gani masu kawo ruɓa da fumfuna, sai kuma iska da hasken rana waɗanda suke sa mai ya yi ɗoyi. Dukan mai rai daga cikinsu yana bukatar ruwa, mafi yawa kuma suna bukatar iskar shaƙa. Saboda haka duk wata dabarar ajiya, tsohuwa ko sabuwa, tana komawa ga sarrafa waɗannan abubuwa biyu.

A ƙasar Hausa an fi dogara ga raba abinci da ruwa, tun da rana kyauta ce. Kilishi, da cuku, da kauɗar tumatir, da busasshiyar kuɓewa duk ƴaƴan wannan dabara ne. Hatsi kuwa ana zuba shi a rumbu da zangarniyarsa, dami a kan dami, ba a sussuke shi sai ranar bukata, ta haka yakan kai shekaru. Man shanu ana zuba shi a tandu, ruwan tafiya a salka, hatsin fatauci a taiki.

Amma akwai kayan da bushewa ce ajalinsu, babban misali shi ne goro. Fataken da suke ɗauko goro daga Gwanja, musamman daga kasuwar Salaga, suna yin watanni a hanya kafin su iso Kano ko Katsina, alhali goro idan ya bushe ya tashi daga kaya. Maganin da suka samu shi ne huhu: a shimfiɗa faffaɗan ganyen fita, a jera goro, a naɗe a ɗaure tamau. A hanya akan kwance huhun lokaci-lokaci, a tsince wanda ƙwaro ya kama, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa na 1980. Abin da ya dame mu a nan shi ne, ganyen fita yana yin aikin da ledar zamani take yi wa ɗanyen kaya, wato riƙe laima a ciki. Bambancin kawai, ganye yana ruɓewa ya koma ƙasa.

Dabara ta uku ita ce hana iska shiga. A arewacin Afirka da wasu ƙasashe na Turai an daɗe ana haƙa rami a zuba alkama ko sha'ir a liƙe bakinsa da laka. Hatsin da ƙwarin da suke ciki su ne suke shanye iskar da ta rage, daga nan komai ya tsaya cik. Masanin tarihin noma na Faransa, François Sigaut, ya tattara labarin waɗannan ramuka a wani nazari da ya fito a 1978. A wajenmu, abin da ya fi kusa da wannan shi ne yadda tsofaffi suke cakuɗa irin wake da toka ko rairayi su zuba a tulu su liƙe. Tokar tana cike guraben da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya rasa wurin motsi. Dabarar tana aiki, amma tana son toka kusan daidai da yawan waken. Mai ajiye tiya biyar na iri zai iya. Mai buhu ashirin ina zai samo tokar?

Zamanin mulkin mallaka ya kawo buhun algarara, wanda ake saƙawa da ramar Bengal. Da shi aka yi cinikin gyaɗa, da shi kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 ya ci gaba da tara gyaɗar Maraɗi da Damagaram. Buhun algarara na ɗaukar kaya ne. Iska tana ratsa shi, ƙwaro yana shiga ya fita yadda ya so.

3. Asalin leda

Takardar farko mai sheƙi da aka naɗe abinci da ita ba daga fetur aka yi ta ba. Selofan daga ɓargon itace yake. Jacques Brandenberger, ɗan ƙasar Suwis mai aiki a masaƙa a Faransa, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi rajistarsa a 1912. Da farko ƙawa ce kawai, domin tururin ruwa yana ratsa shi, biskit ya yi sanyi, burodi ya bushe. Sai a 1927 William Hale Charch na kamfanin DuPont a Amurka ya samo wani shafi da ya hana laima wucewa. Daga nan ne selofan ya zama kayan tsare abinci.

Ledar da muka sani kuwa, wato poliyetilen, an same ta ne bisa katari. A watan Maris na 1933, Eric Fawcett da Reginald Gibson, ma'aikatan kamfanin ICI a kusa da garin Northwich na Ingila, suna gwajin matse iskar etilen da ƙarfi ƙwarai, sai suka tarar da wani farin abu mai kama da kakin zuma a cikin tukunyar gwaji. Sai a 1935 Michael Perrin ya gano yadda za a maimaita abin da gangan. An fara yin ta da yawa a 1939, daidai da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sojoji ne suka kwashe ta domin rufe wayoyin na'urar hango jiragen sama. Abinci bai gan ta ba sai bayan yaƙi.

A 1953 Bajamushe Karl Ziegler ya samo hanyar haɗa poliyetilen ba tare da matsi mai tsanani ba, wadda take ba da leda mai tauri da ƙwayoyinta suke a cushe. A 1954 Giulio Natta na Italiya ya bi wannan hanya ya samo poliporopilen, wadda da zarenta ake saƙa buhunan takin zamani da shinkafa. An ba su lambar Nobel tare a 1963. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin komai na gaba a kansa ya rataya. Poliyetilen kowace iri tana tare ruwa sosai. Iskar oksijin kuwa tana ratsa ta a hankali, kuma yawan abin da yake ratsawa ya danganta ga kaurinta da cushewarta. Sirirriyar leda mai laushi kusan ba ta tare komai daga iska.

Masana'antun abinci sun gane haka da wuri, sai suka koma haɗa riɓi-riɓi, kowane riɓi da aikinsa. Kamfanin Tetra Pak na Suwidin, wanda Ruben Rausing ya kafa, ya fitar da injinsa na farko a 1952, ya kuma kai ga ɗura madarar da aka dafa da zafi mai tsanani cikin kwali marar ƙwayar cuta a 1961. Kwalin takarda ne da poliyetilen, daga baya aka ƙara siririn gorar ruwa mai tare haske da iska, sai madara ta iya yin watanni ba firiji. A Amurka, naman shanu da aka zuƙe wa iska cikin leda mai tare oksijin ya sauya cinikin nama a shekarun 1960: maimakon a yi jigilar gawar sa a rataye, sai a yanka tun a mahauta a tura cikin kwali.

Ɗaya zuriyar ta fito daga Suwidin ita ma. Injiniya Sten Gustaf Thulin na kamfanin Celloplast ya tsara jakar leda mai hannu biyu wadda ake yankowa daga dogon bututu, aka yi mata rajista a 1965. Wannan jaka ba a yi ta don ajiya ba, an yi ta don a ɗauki kaya daga kanti zuwa gida. Ita ce kakar baƙar ledar kasuwanninmu. Wani lissafi da Roland Geyer da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa robar da duniya take yi a shekara ta tashi daga tan miliyan 2 a 1950 zuwa tan miliyan 380 a 2015, kuma daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake narkawa.

4. Ina abincin yake salwanta?

A 2011 hukumar FAO ta ƙiyasta cewa kusan sulusin abincin da ake nomawa a duniya, wato tan biliyan 1.3, yana salwanta kowace shekara. Masu sana'ar leda suna yawan kawo wannan adadi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne wurin da asarar take faruwa. Wannan rahoto ya nuna cewa mutum guda a Turai da Amurka ta Arewa yana zubar da kilo 95 zuwa 115 a shekara bayan ya saya, a Afirka kudu da Sahara kuwa kilo 6 zuwa 11 ne kacal. Mu ba a kwano muke asara ba, ragowar tuwo ɗumame ne da safe. Asararmu tana tsakanin gona da kasuwa.

Ko a Turai ma hujjar ba ta tsaya daidai a kan kowane kaya ba. A 2022 ƙungiyar WRAP ta Ingila ta gwada tuffa da ayaba da dankali da kokwamba da wani ganye, ta tarar cewa naɗe su a leda bai ƙara musu kwana na a zo a gani ba, sai ma tilasta wa mai saye ɗaukar fiye da bukatarsa. Manoman Galmi da Madawa ba sa bukatar a gaya musu irin wannan. Albasa mai rai ce, tana numfashi tana fitar da laima. A rufe ta a leda, ruɓewa za ta yi. Shi ya sa ake ajiye ta a rudu, inda iska take kaɗawa ta ƙasa da ta sama. Ke nan tambayar da ta dace ita ce: wace leda, ga wane abinci, a wane mataki?

5. Wake da ƙwaronsa

Bayan farin shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, wake ya maye gurbin gyaɗa a matsayin amfanin gona na sayarwa a kudancin Nijar. Nijar ta zama ta biyu a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya, kuma mafi yawan wanda ake fitarwa Najeriya yake nufa, kasuwar Dawanau ta Kano tana cikin manyan matattararsa. Sai dai wake ba shi da haƙurin hatsi a ajiya.

Ƙwari biyu ne suke cin sa a yankinmu. Ɗaya shi ne Bruchidius atrolineatus, wanda Inezdane Alzouma na Jami'ar Yamai ya yi dogon nazari a kansa a shekarun 1980 tare da Jacques Huignard na Jami'ar Tours. Wannan yana kama wake tun a gona, amma idan rani ya yi nisa yakan daina hayayyafa. Na biyun, Callosobruchus maculatus, shi ne babban ɓarawo, domin ba ya hutawa. Macen tana manna ƙwayayenta a bayan ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shiga ciki, ta ci ta girma a ɓoye, cikin wata guda ko ƙasa da haka ta fito da fiffike ta bar rami. Kowace mace tana iya yin ƙwai da dama, har kusan ɗari. Buhun da ya shigo daga gona da ƴan ƙwari kaɗan a watan Oktoba, kafin Maris ya zama gari da huji. Wake mai huji kuwa ko an saya, da ragi ake saye, kuma ba ya tsira da kyau idan an shuka.

Wannan ƙwaro shi ne yake tsara wa manomi lokacin sayarwa. Ya san farashi yana ƙasa a kaka, ya san zai hau kafin shuka, amma ba shi da ikon jira. Wanda ya ce zai jira sai ya koma ga magani: ƙwayar Phostoxin mai fitar da iska mai guba, ko fiya-fiya, ko garin da aka yi don feshin auduga. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2008 an kwantar da mutane da dama a asibiti a jihohin Kuros Riba da Gwambe na Najeriya bayan cin wake mai magani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dikulorbos da aka samu a cikinsa, wanda shi ne ruhin fiya-fiya.

Maganin da babu guba a ciki ya faro ne daga Marwa, a arewacin Kamaru. Daga 1987 masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya shiga aiki da cibiyar binciken noma ta Kamaru, tare da Georges Ntoukam da Laurie Kitch. Sun fara da duba abin da manoma suke yi da kansu, suka auna dabarar toka, suka gwada gasa wake a rana tsakanin baƙar leda da fara, suka kuma gwada zuba wake a leda uku, ɗaya cikin ɗaya, kowace a ɗaure ta daban. Wannan ta ƙarshe ta yi aiki, an kuma buga bayaninta a farkon shekarun 1990. Amma ta yi kusan shekara goma sha biyar ba ta bazu yadda ya kamata ba. Dalilin ba na ilimi ba ne. Ledar da take kasuwa siririya ce, ba a yi ta don wannan aiki ba, tana yagewa, manomi ya gwada sau ɗaya ya ga ƙwari ya watsar.

A 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin wani shiri mai suna PICS a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar da Najeriya da Burkina Faso da Cadi da Kamaru. Abin da shirin ya ƙara a kan aikin Marwa shi ne ƙayyade buhun da kuma sa masana'anta su yi shi. Ledoji biyu ne na poliyetilen mai tauri, irin ta Ziegler, kowace kaurinta mikron 80, sai buhun saƙa na poliporopilen a waje domin ɗauka da jifa. Kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin waɗanda suka fara yin sa, mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100, a lokacin ana sayarwa abin da bai wuce dalar Amurka 2 zuwa 3 ba. A Nijar, gwaje-gwajen sun gudana a cibiyar INRAN ta Maraɗi ƙarƙashin Ibrahim Baoua, wanda ya kwatanta buhun da sauran hanyoyin ajiya, ya kuma duba ko tsohon buhu yana ci gaba da aiki.

Yadda aka gabatar da shi a karkara ya cancanci a ambata, domin ya dace da halin manomi wanda ba ya yarda sai ya gani. A kowane ƙauye akan samu ƴan sa-kai su kawo wakensu, a zuba a ɗaure a gaban jama'a, a bar shi wata huɗu zuwa shida, sannan a tara mutane a kwance. An yi haka a ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashen goma.

To me yake faruwa a cikin buhun? Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Idan an matse buhu an ɗaure, tsutsotsin da ke cikin wake suna ci gaba da numfashi, su shanye oksijin ɗin da ya rage su fitar da iskar kabon. Ledar ba ta tare iska ɗungum, amma abin da yake ratsa riɓi biyu bai kai abin da ƙwarin suke sha ba. Cikin kwanaki oksijin ya faɗi ƙasa ƙwarai, tsutsa ta daina ci, girma ya tsaya. An daɗe ana zaton shaƙewa ce take kashe su. A 2012 Murdock da abokan aikinsa suka nuna wani abu dabam: tsutsar da take zaune cikin busasshen wake ba ta da wurin shan ruwa, ruwan jikinta daga ƙona abinci da oksijin take samun sa. Idan oksijin ya yanke, ruwa ya yanke. Ƙishirwa ce take gamawa da ita. Abin mamaki a nan, buhun da ƙwari suka fi yawa a ciki shi ne iskarsa take saurin ƙarewa.

Mun ga dacewar mu faɗi iyakar wannan buhu, don kada a ɗauke shi laya. Dole wake ya bushe sarai kafin a zuba, in ba haka ba ledar da take hana laima shiga ita za ta hana ta fita, fumfuna ya kama. Dole a tsince tsakuwa da kara masu huda. Ɓera ɗaya ya isa ya ɓata aikin wata shida. Kowace buɗewa tana shigar da sabuwar iska, shi ya sa matan da suke ɗibar wake kaɗan-kaɗan don girki sukan fi son bido, wato jarkar mai ta lita 20 ko 25 mai murfi, wadda take aiki da wannan ƙa'ida ɗaya. Babbar matsalar da shirin ya yi ta fama da ita kuwa ita ce ta kasuwa: buhun ya kasance a kasuwar ƙauye a watan girbi, ba a shagon birni a watan Janairu ba. Ga wanda bashi ya tilasta wa sayarwa a kaka kuma, buhu kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da tsarin jinginar amfanin gona da FAO ta fara gwadawa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Duk da haka, a ganinmu, cikin dukan abin da leda ta kawo wa karkarar ƙasar nan babu wanda ya kai wannan amfani. Daga baya an faɗaɗa shi zuwa masara da dawa da gujiya da sauransu.

6. Shekarar 2005

Misali na biyu ya fi ɗaci. Ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, tare da hauhawar farashin hatsi, sun jefa Nijar cikin matsalar abinci a 2005, jihar Maraɗi ta fi kowace yawan yara masu tamowa. Kafin lokacin, maganin tamowa mai tsanani madara ce ta musamman da ake damawa da ruwa, kuma tun da madarar da aka dama tana lalacewa cikin sa'o'i, sai an kwantar da yaro da uwarsa a asibiti na makonni. A 1996 likita André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset a Faransa suka haɗa Plumpy'Nut: tunkuzar gyaɗa da ba a matse ba, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran gina jiki. Babu ruwa a ciki, saboda haka ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa. Abokin gabansa ɗaya shi ne iska da haske masu sa mai ya yi ɗoyi, kuma wannan shi ne aikin ƙunshin: leda riɓi-riɓi da shafin ƙarfe, mai ɗaukar giram 92, wadda take tsare abin har shekara biyu a zafin Sahel.

A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a gidajen iyayensu, uwa ta karɓi rabon mako ta koma. A 2005 ɗin ne kuma kamfanin STA na Yamai ya fara yin sa a cikin gida. A 2007 hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya a hukumance, kuma abin da aka gani a Maraɗi yana cikin manyan hujjojinsu.

A birane kuma ƙaramar ledar da ake liƙewa da zafi ta buɗe wa nono kasuwa. Sunan kamfanin SOLANI, magajin OLANI na gwamnati, ya zama sunan kindirmon leda a bakin jama'a, kuma an kafa kamfanin Niger-Lait a 1994. A nan dai sanyi ne yake tsare nonon. Ledar tana kare shi daga ƙura da ƙuda da hannu, ta kuma sa a iya sayar da shi da ƙananan kuɗi.

7. Baƙar leda da dokar 2014

Baƙar leda ba ta cikin wannan lissafi. Ba ta tare iska, ba ta ƙara wa tumatir ko nama ko kwana ɗaya, rayuwar aikinta daga kasuwa zuwa gida ce. Abin da ta kora shi ne kwando da ƙwarya da faifai da kwanon da yaro yake zuwa da shi sayen ƙosai. Har alala da a da ake dafawa a ganye ko gwangwani ta koma cikinta. Bayan haka sai iska ta ɗauke ta, ta maƙale a ƙaya, ta toshe magudanar ruwa, ko akuya ta haɗiye ta a lokacin da ciyawa ta ƙare. Mahauta sun san dunƙulen da suke cirowa daga tumbin bisashe.

Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. A Nijar, doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta hana yi da shigowa da sayarwa da amfani da leda mai laushi marar cushewa. Masu tsara dokar sun bi bambancin da muka yi bayani, tun da nau'in ledar suka ambata, ba su yi wa roba duka kuɗin goro ba. Aiwatarwa ce ta gagara. Iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma ba a tanadi wani abu mai arha da mai tebur zai ƙulla kaya a ciki ba, saboda haka shekaru bayan dokar ledar ba ta bar kasuwa ba. A matakin duniya ma, tattaunawar yarjejeniya a kan sharar roba da aka buɗe a Nairobi a 2022 ta watse ba matsaya a Busan a 2024, ta sake watsewa a Janeba a 2025.

Ita ma leda mai amfani tana da nata ƙarshen. Ƙunshin maganin tamowa, saboda riɓinsa na roba da ƙarfe a manne suke, ba ya narkuwa a sake ƙera wani abu da shi. Ingancin da ya sa yake tsare abinci shi ne ya sa yake da wuyar zubarwa, kuma yawanci ƙonawa ake yi ko binnewa. Buhun wake ya fi sauƙi. Idan an kula da shi yakan yi kaka uku, kuma binciken Maraɗi ya nuna cewa ƙananan huji, idan an liƙe su, ba sa hana shi aiki. Bayan ya gaji, mutanen karkara ba sa yar da shi. Ledar ciki takan koma ajiyar kayan da ƙwaro bai dame su ba, ko a shimfiɗa ta a rufin ɗaki kafin a zuba ƙasa, buhun waje kuma a warware zarensa a tufka igiya. Wadda ta yage sarai poliyetilen ce zalla, irin wadda masu narka roba suke saye da kilo.